TARIHIN KWANSON HARSASHI DA SANA'AR SAKE ƊURA SHI

Gabatarwa

Idan aka ce za a ba da tarihin yaƙe-yaƙe, abin da yakan fara faɗo wa mai sauraro a rai shi ne sunayen sarakuna da barade, da ranakun da aka gwabza, da yawan mutanen da suka kwanta dama. Ba safai ake tunawa da ɗan kwanson tagullan nan da ke faɗowa ƙasa bayan an harba bindiga ba, ga shi kuwa Bahaushe ya ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin wannan kwanso, a ga yadda aka ƙago shi, da yadda mutane suka koyi tsince shi su sake ɗura shi, tun daga mafarautan dajin Amurka da maƙeran Samori, har zuwa injin nan mai juyawa da ke fitar da harsashi duk lokacin da aka ja hannunsa.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita kan kalmomi. Harsashin zamani sassa huɗu gare shi: akwai kwanso, akwai albarushin da ke cikinsa, akwai ƙwayar da ke fita ta sami abin da aka auna, sannan akwai wani ɗan ƙoƙo a gindin kwanson mai ɗauke da maganin da ke kama wuta in an buge shi. Wannan ɗan ƙoƙo za mu kira shi ƙyastu, tun da aikin ƙyastu yake yi. In aka harba, uku daga cikin huɗun nan sun tafi ke nan. Kwanso kaɗai ke saura, shi ne kuma ya fi sauran tsada, don haka tun farko aka ƙi zubar da shi.

Kafin Zuwan Kwanso

Duk wanda ya taɓa ganin maharbi na ɗura bindigar toka ya ga yadda sojojin duniya suka yi yaƙi har fiye da shekara ɗari uku. Ta baki ake zuba albarushi, a bi shi da ƙwaya da tsumma, a sa sanda a danna. Tun da daɗewa maƙera suka san cewa ɗurawa ta baya za ta fi sauri, amma duk ƙofar da suka yi wa bindiga ta baya sai wuta ta sami kafar fita ta nan, ta ƙone fuskar mai harbi.

Cikin 1807 wani limamin coci a ƙasar Sikotlan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar hanyar tayar da albarushi da maganin da ke kamawa in an buge shi, maimakon ƙanƙara. Cikin 1812 kuma wani maƙerin bindiga mutumin Siwizalan da ke zaune a Faris, Samuel Pauly, ya haɗa ƙwaya da albarushi da ƙyastu wuri guda. Wani Bajamushe da ya yi aiki a maƙerarsa, Dreyse, shi ya ƙera bindiga mai allura wadda sojan Furusiya suka karɓa cikin 1841. Sai dai harsashinta na takarda ne, takarda kuwa ba ta tare wuta.

Tagulla ce ta warware matsalar, musamman wadda aka haɗa da kashi 70 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya. Halinta shi ne, idan albarushi ya tashi sai ta kumbura ta manne da bangon gurbin harsashi, ta toshe duk wata kafa. Da ƙarfin ya wuce sai ta ɗan koma, har a iya zaro ta. Watau kwanso marfi ne da ake sabuntawa a kowane harbi. Ba don shi ba da ba a yi bindiga mai sarrafa kanta ba.

Berdan da Boxer

Cikin shekara guda, 1866, mutum biyu suka fito da hanyoyi biyu na sa ƙyastu a tsakiyar gindin kwanso. Na farko shi ne Hiram Berdan, tsohon hafsa a yaƙin basasar Amurka. Na biyu shi ne Kanar Edward Boxer na ma'aikatar makamai ta Woolwich a Ingila. Kowane ƙyastu yana bukatar 'yar maƙera da za a buga maganin a kanta. Berdan ya sa maƙerar ta zama wani ɗan tudu a jikin kwanson, ga 'yan ƙofofi, galibi biyu, a gefenta don wuta ta wuce. Boxer kuwa ya sa maƙerar cikin ƙyastun kansa, ya bar ƙofa ɗaya tak a tsakiya.

Bambancin kamar ba kome ba ne, amma ga mai son sake ɗuri shi ne kome. Kwanson Boxer tsinke ɗaya za a zura ta baki a turo tsohon ƙyastu waje. Na Berdan sai an ɓanɓaro shi ta waje da ƙugiya, ko a tura shi da ƙarfin ruwa. Wani abin dariya a nan shi ne, kowannensu a ƙasar ɗan'uwansa aka fi karɓarsa. Ingila da sauran ƙasashen Turai da Rasha suka daɗe suna bin tsarin Ba'amurke, saboda ya fi araha ga gwamnatin da ba ta damu da tsince kwanso ba. Amurka kuwa ta rungumi tsarin Ba'ingile, wannan kuma na cikin dalilan da suka sa sana'ar sake ɗuri ta yi saiwa a can fiye da ko'ina.

Darussa Masu Tsada

Ba a rana ɗaya aka iya yin kwanso mai kyau ba, kuma da jinin sojoji aka biya kuɗin koyo. Kwanson da sojan Amurka ke amfani da shi cikin shekarun 1870 na jan ƙarfe ne, mai taushi, wanda in ya kumbura ba ya komawa. A yaƙin Little Bighorn na Yunin 1876, inda 'yan asalin ƙasar suka hallaka Custer da mutanensa, an sami sojojin da suka riƙa ƙwaƙulo kwanso da wuƙa. Masu tonon kayan tarihi da suka binciki filin cikin shekarun 1980 sun ga cewa kwansunan da ke da wannan tabo kaɗan ne, don haka ba shi ya jawo musu kaye ba, amma dai daga baya sojan sun koma ga tagulla. Su ma Ingilishi, kwanson Boxer na farko nannaɗe shi ake yi da fallen tagulla mai sirantaka. Idan bindigar Martini-Henry ta yi zafi sai ya maƙale, ko gindin ya fita ya bar jikin a ciki. An koka da haka a yaƙin Zulu na 1879 da yaƙin Sudan na 1884 zuwa 1885, sannan aka koma ga kwanson da ake ja daga dunƙulen tagulla guda.

A Indiya kuma wani abin al'ajabi ya faru. Da damina ta kama, sai sojan Ingila su adana harsasansu a bargar dawaki, in rani ya yi a tarar kwansuna da yawa sun tsage su kaɗai. Sai cikin 1921 wasu masana uku, Moore da Beckinsale da Mallinson, suka bayyana dalili: sinadarin amoniya da ke tashi daga fitsarin doki shi ke cin tagullar da ta ƙage saboda matsar da ta sha wajen ƙira. Maganin shi ne a gasa wuyan kwanson da wuta ya saki jiki. Shi ya sa har yau za ka ga wuyan kwanson sojan Amurka da wani dishi-dishin launi, domin ƙa'idarsu ta ce a bar wannan alama don a tabbata an gasa.

Shi ma ƙyastu ya kawo nasa ciwon. Maganin farko da zaiba ake yinsa. Muddin ana amfani da baƙin albarushi, tokarsa na shanye yawancin zaibar. Amma bayan Paul Vieille na Faransa ya ƙago albarushi marar hayaƙi cikin 1884, sai zaibar ta riƙa shiga jikin tagulla tana mai da ita mai saurin karyewa, kwanson da aka sake ɗurawa ya riƙa fashewa. Cikin 1898 sojan Amurka suka bar ƙyastun zaiba. Wanda ya gaje shi kuma yana barin wani gishiri mai jawo laima a cikin bututun bindiga, tsatsa ta cinye ta. Cikin 1922 wani masani, Wilbert Huff, ya gano gishirin ne mai laifi, amma sai farkon shekarun 1950 sojan suka gama rabuwa da irin wannan ƙyastu a yawancin harsasansu.

Mafarautan Ɓauna

Mutanen da suka fara mai da sake ɗuri abin yau da kullum su ne mafarautan ɓaunar Amurka na shekarun 1870, masu harbi da manyan bindigogin Sharps don sayar da fata. Suna tafiyar makonni nesa da gari, saboda haka maimakon akwatunan harsashi sai su loda wa amalanke dalma da albarushi da ƙyastu. Da rana a yi harbi, da dare a zauna bakin wuta a wanke kwansuna, a narka dalma a zuba a mazubi, a ɗura na gobe. Araha da sauƙin wannan aiki na cikin abin da ya sa dabbar da ake ƙirgawa da miliyoyi ta kusa ƙarewa, har ƙidayar William Hornaday ta 1889 ta sami kimanin dubu ɗaya kacal.

Daga nan kamfanoni suka shigo. Cikin 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a New Haven, yana ƙera wani abin ɗuri mai kama da awartaki wanda ke shiga jakar sirdi. Kamfanin Lyman ya gaji kayan Ideal cikin 1925. Cikin 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ƙwayar harsashi ta yi wuyar samu ga farar hula, sai Fred Huntington na Oroville a Kalifoniya ya fara ƙera abin matse ƙwaya, ana yi mata riga da tsofaffin ƙananan kwansuna. Asalin kamfanin RCBS ke nan. Cikin 1958 kuma Richard Lee ya fito da ɗan ƙaramin kayan ɗuri mai araha wanda ya shigar da talaka cikin sana'ar.

Kwanso a Yaƙin Kare Afirka

Abin da Ba'amurke ke yi don rage kashe kuɗi, a Afirka ya zama maganar rai da mutuwa. Cikin Yulin 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Brasels, da sunan hana cinikin bayi. A ciki aka hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsasansu tsakanin layin digiri 20 na arewa da digiri 22 na kudu, aka bar musu bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ƙasar Hausa da Barno duk suna cikin wannan yanki. Daga ranar nan, sarkin da ya mallaki bindiga mai ɗuri ta baya ya san cewa ran da harsashinsa ya ƙare, sanda ce kawai a hannunsa.

Samori Ture, wanda ya yi shekara da shekaru yana fafatawa da Faransawa, ya gane wannan sarai. Bayan bindigogin da yake sayowa ta Saliyo, ya tara maƙera suna gyara bindigogi, suna kwaikwayon ƙirar na Faransa, suna kuma sake ɗura harsashi. Mayaƙansa kan tsince kwansuna bayan an tashi daga yaƙi su mai da wa maƙera. Da haka ya ja lokaci har 1898, shekarar da aka kama shi. A Sudan, mabiyan Mahadi sun kwashe dubban bindigogin Remington daga rundunar Hicks da suka murƙushe cikin Nuwamban 1883. Halifa Abdullahi ya riƙe ma'aikatar sake ɗura kwansuna, har ya sa wani fursuna Bajamushe, Charles Neufeld, aikin tace gishirin albarushi. Amma albarushin gida bai kai na Turai ƙarfi ba, kwanson da ya sha ɗuri kuma ya gaji. A yaƙin Karari na 2 ga Satumba 1898 bindigogin Ingilishi sun riƙa zubar da su tun daga nesan da nasu harsashin ba ya kaiwa. A Habasha kuwa darajar harsashi ta kai har ana cin kasuwa da shi zamanin Menelik, ana ba da canji da harsashin bindigar Gras kamar yadda ake yi da curin gishiri.

A nan gida, 'yan bindigar sarakuna galibinsu bindigar toka gare su. Da ita da mashi da takobi aka fuskanci bindiga mai ruwa a Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, da Sakkwato ran 15 ga Maris. Mazajen ba su gaza wajen jaruntaka ba. Sai dai ita bindiga mai ruwa tana iya cin harsashi ɗaruruwa cikin minti guda, a bayanta kuma akwai ma'aikatun Ingila masu jan tagulla dare da rana.

Injin Ɗuri Mai Juyawa

Mu koma Amurka. Injin ɗuri na gargajiya aiki ɗaya yake yi a lokaci guda. Mai ɗuri zai matse kwansunansa duka su koma girmansu na asali, ya canja ƙarfen matsi, ya sake bin su ɗaya bayan ɗaya don mataki na gaba. Cikin shekarun 1930 kamfanin Star na San Diego ya fito da wata dabara. Aka yi wani faifan ƙarfe mai gurabu, a samansa aka jera ƙarafan matsi. Idan aka ja hannun injin, kwanso na farko ana matse shi ana fitar da tsohon ƙyastu, na biyu ana zuba masa albarushi, na uku ana dasa masa ƙwaya, na huɗu ana ɗaure bakinsa, duka a ja ɗaya. Sai faifan ya juya, kowane kwanso ya matsa gaba, gamammen harsashi ya faɗo. 'Yan sanda da ƙungiyoyin gasar harbi su suka fi sayen injin Star, domin suna ƙona harsashin ƙaramar bindiga da yawa wajen horo.

Injin yana da tsada, kuma don gajeren kwanso aka yi shi. Cikin shekarun 1970 wani matuƙin jirgin sama a jihar Arizona, Mike Dillon, ya gyara injin Star don ya ɗura harsashin doguwar bindiga, daga nan ya shiga ƙera nasa. Cikin shekarun 1980 ya riƙa sayar wa jama'a kai tsaye da farashi mai sauƙi, har injin mai juyawa ya shiga gidaje, mutum ɗaya na fitar da harsashi ɗaruruwa cikin awa guda. Amma sauri kan haifi nawa. Tun da ayyuka huɗu ko biyar ke gudana tare, ido ɗaya ba ya iya bin su duka. Kwanso na iya wucewa ba albarushi, ƙwayarsa ta tsaya cikin bututu, harbi na gaba ya fasa bindigar. A ƙaramin kwanso kuma ana iya zuba albarushi sau biyu ba a lura ba. Don haka aka ƙara wa injinan baya abin da ke duba albarushi ya yi ƙara in ya ga kuskure.

Kwanson Soja da Wahalar Gyaransa

Injin da ke cin kwanso ɗaruruwa dole a nemo masa abinci, babu kuwa mai zubar da kwanso kamar soja. Babbar ma'aikatar ƙananan harsasai ta sojan Amurka ita ce ta Lake City a jihar Missouri, wadda ta fara aiki cikin 1941. Ana gane kwansonta da haruffan LC da lambobi biyu na shekara a gindi, sau da yawa da alamar NATO, watau gicciye cikin da'ira. Harsasan NATO biyu, mai milimita 7.62 da aka amince da shi cikin 1954 da mai 5.56 na 1980, kowannensu yana da ɗan'uwa na farar hula mai kusan girma ɗaya, shi ya sa kwanson da soja ya harba sau ɗaya ke da kasuwa.

Sai dai ba a sa shi cikin inji kai tsaye. Na farko, soja kan danne bakin gurbin ƙyastu da ɗan zobe, don kada ƙyastun ya fice ya faɗa cikin bindiga mai sarrafa kanta ya tsai da ita ana tsakiyar yaƙi. Sai an kankare zoben nan ko an danne shi ya koma kafin sabon ƙyastu ya shiga. Na biyu, kwanson da mashinga ta harba yakan kumbura fiye da kima, domin gurbinta na da yalwa, sai an shafa masa mai an matse shi sosai. Matsar kuma tana ƙara masa tsawo, dole a auna a datse bakin. Na uku, kwanson 7.62 na soja ya fi na farar hula kauri, cikinsa ya fi ƙunci, ma'aunin albarushin da ya dace da wancan ya yi wa wannan yawa. Sannan dole a tsince masu ƙyastun Berdan, don suna karya tsinken inji. Saboda haka masu ɗuri kan bi kwanson sau biyu: zagaye na farko na gyara, a wanke shi cikin niƙaƙƙiyar totuwar masara, zagaye na biyu na ɗuri.

Girman wannan kasuwa ya fito fili cikin Maris 2009, sa'ad da ma'aikatar tsaron Amurka ta ba da umarnin a riƙa lalata kwansunan soja kafin a sayar. Masu sana'ar suka yi ca, sanatocin jihar Montana biyu, Max Baucus da Jon Tester, suka sa baki, cikin 'yan kwanaki aka janye umarnin.

Kammalawa

Mun ga yadda kwanso guda ya zama abin tattali ga mafarauci, abin sha'awa ga mai gasar harbi, kuma abin da mulkin Samori da na Halifa suka rataya a kansa. Maƙeran Afirka sun iya ɗura kwanso, har sun iya kwaikwayon bindiga, abin da ya gagare su shi ne jan tagulla da haɗa maganin ƙyastu mai yawa, waɗannan kuwa aikin masana'antu ne da ilmin kimiyya. Nijeriya ba ta kafa hukumar ƙera makamanta a Kaduna ba sai 1964, shekara sittin da ɗaya bayan faɗuwar Sakkwato. Wannan maƙala ba kira take yi a kama ɗurin harsashi ba, domin dokar ƙasarmu ta hana yin haka ba da izni ba. Kiranta ga 'yan'uwa ɗalibai shi ne, duk na'urar da muka ga ana shigowa da ita, ta noma ce ko ta asibiti, mu tambaya wane ɗan ƙaramin abu ne ke cikinta wanda in mai sayarwa ya riƙe shi za ta tsaya cik, kuma wa ke koyon yinsa a cikinmu. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Allah Ya sa mu dace.